Inci Goma Sha Huɗun Goggo Tela

Jawo kujera ka zauna, ke ma matso nan inda inuwa ta fi sanyi. Mai aiki a hannu ya ajiye, ba guduwa zai yi ba. Labarin Goggo Tela zan ba ku, matar da ta shekara talatin da biyu tana taka keken ɗinki, sai da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta sannan ta zama dodo a wasan harbi na kwamfuta. Na ga wani yana murmushi. Yi abinka, ba kai ka fara ba.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a gaban gidansu, ƙofarsa na kallon titi. In ka shiga, keke na hannun dama kusa da taga saboda haske, teburin yanka na tsakiya, duk jikinsa tabon almakashi. An ja igiya daga bango zuwa bango, riguna na rataye suna jiran masu su. Akwai wani gwangwanin biskit a kan kanta wanda babu biskit ko ɗaya a ciki sai maɓallai, kuma babu yaron unguwar da bai taɓa buɗe shi da murna ya rufe da takaici ba. Tef ɗin awo kuwa a wuyanta yake wuni. Mijinta, tsohon direban bas da ya ajiye aiki amma har yau Direba ake kiransa, ya rantse ta taɓa zuwa asibiti da shi a wuya, ta gama ganin likita ta gaya masa hannun rigarsa ya yi tsawo da inci ɗaya.

Idonta ma awo ne. Kana bakin ƙofa kana sallama, kafin ta amsa ta riga ta san faɗin kafaɗarka.

"Ka ƙara inci ɗaya da rabi a ciki," za ta ce. "Kada ka zo ka ɗora wa rigata laifi."

'Ya'yanta huɗu duk sun tashi sun kama gabansu. Na ƙarshen, Auta, ya samu aikin gyaran injinan asibiti a wani gari mai nisa, tafiyar wuni da kwana. Da zai tafi, babbar kwamfutarsa ta ƙi shiga jaka, sai ya girke ta a lungun shagon, ya nuna wa uwarsa yadda za ta riƙa duba sababbin samfuran ɗinki. Yana kira duk mako, ba ya fashi, amma wace irin waya? "Umma ina wuni? Lafiya lau. Ya Baba? Yana nan. To sai an jima." Direba ya ce wayar Auta kamar tsayawar bas ce a tashar da babu fasinja, kafin ƙofa ta gama buɗewa an ja.

Wata rana ana ruwan sama, babu mai shigowa, Goggo ta zauna neman samfurin hannun riga. Yatsa ya zame, ta danna wani hoto da ba nata ba. Allon ya yi duhu, ya sake haske, sai ga ta tsaye a wani fili mai manyan akwatuna, da bindiga a hannu. Ta laluba hanyar fita ba ta gani ba. Tana cikin haka wani ya fito a guje ya ɗirka mata harsashi.

"Laa! Ni? Me na yi maka, bawan Allah?"

Wasan ya dawo da ita da rai, mutumin ya sake harbe ta. A karo na uku Goggo ta gyara zama, ta ƙara ɗaure ɗankwali, ta tura tabarau sama. Komai tana ɗauka a duniya ban da raini.

Ga wanda bai san irin wasan ba, bari in gaya masa a taƙaice. Ba ka ganin kanka, ta idon mutuminka kake kallon duniya. Hannun hagu na kan maɓallai, da shi kake tafiya. Na dama na kan maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, da shi kake juya kai. A tsakiyar allo akwai ɗigo, inda ɗigon ya tsaya nan harsashi zai sauka. Duk wasan a nan yake, ka kai ɗigo kan abokin gaba kafin ya kai nasa kanka. To hannun da ya shekara talatin yana bi da yadi ƙarƙashin allura, a kan layin da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba, ɗigo ne zai gagare shi? Kafin mako ya zagayo ta daina tambayar mutane me ta yi musu. Abin dariyar ma, tana harbi ƙafarta na taka ƙasa kamar tana kan keke.

Can a wurin aiki Auta ya duba wayarsa ya ga sunansa yana cikin wasa, alhali shi yana ƙarƙashin wani inji da sukurdireba a baki. Ya kira a gigice.

"Umma, wa ya taɓa kwamfutata?"

"Babu kowa sai ni."

"A'a Umma, wani yana wasa da sunana yanzu haka."

"To shi wanin nan ya kwantar da mutum tara. Kai nawa kake yi?"

Sai ta ji Auta ya fashe da dariya, irin wadda rabonta da ji tun yana ɗan makaranta.

Ya buɗe mata suna nata na kanta, ya aiko mata da abin kunne mai makirfo, ya sa ta cikin ƙungiyarsu ta ranar Asabar da yamma. Su uku ne dā. Akwai Lauya, wanda bai taɓa taka kotu ba, kayan waya yake sayarwa, gardama ce ta ba shi sunan. Akwai Shiru, wata budurwa mai aiki a kantin magani, wadda Lauya ke ƙirga kalmominta, wai ba ta taɓa wuce goma a rana ba. Goggo ta zama ta huɗu.

A nan ta gano wani abu. Ashe bakin Auta a yatsunsa yake. Muddin hannunsa na aiki, harshensa sakewa yake yi. Tsakanin wannan zagaye da wancan sai ya ba da labarin shugabansu mai mantuwa, da rufin ɗakinsa da ke yoyo daidai kan matashi, da ciwon haƙorin da ya ɓoye mata wata biyu. Abin da shekara guda ta waya ba ta ba ta ba, awa ɗaya ta Asabar ta ba ta. Ita kuwa ba ta nuna ta ji wani abin mamaki. Ta san mutane, in kana auna su kada ka kalli fuskarsu, ka kalli tef, su da kansu za su zazzage maka cikinsu.

Bayan 'yan watanni matasan suka ce a gwada wani wasan daban. A kowane irin wasan nan akwai wata lamba da ke faɗin saurin juyi, wato in ka ja maus kaza, kanka zai juya kaza. A tsohon wasan lambar Goggo uku ce, don haka da ta shiga sabon sai ta sa uku, hankalinta kwance. Tana taɓa maus ta fara juyi kamar fanka.

"Goggo, rawa kike koya mana?" in ji Lauya. "Ki bari in kawo kiɗa."

"Rufe min baki, ɗan nema. Ƙasar ce ke gudu."

Auta ya ce akwai shafukan intanet da ke lissafa wa mutum, ka ba su lambar wannan wasa su ba ka ta wancan. Ta ce ya riƙe shafinsa.

"Lamba ai ba awo ba ce, Auta. Rigar kanti da aka rubuta wa sha biyu a wannan kamfani, a wancan kamfanin ko hannunka ba zai shiga ba. Jiki ake aunawa."

Ta zare tef daga wuya. Ta koma tsohon wasan inda hannunta ya saba, ta tsaya ta ɗora ɗigo a kan wani turken fitila. Ta ja layi da allin tela a gefen maus. Sannan ta ja maus ɗin zuwa dama a hankali, a hankali, duniya na zagayawa, akwatuna suka wuce, bango ya wuce, har turken ya dawo ƙarƙashin ɗigo. Ta ja layi na biyu, ta shimfiɗa tef tsakaninsu. Inci goma sha huɗu cif.

Ta shiga sabon wasan ta yi haka, sai ga inci shida. Ka ji dalilin rawa. Ta rage lambar ta auna, tara. Ta ƙara ragewa, sha biyu. Ta sake, sha biyar, ya zarce. Ta ɗan ƙara kamar mai sakin ƙugun siket, sai ga sha huɗu. Tana komawa fili ta kwantar da mutum uku a jere, hannunta bai ma san an sauya gida ba.

Ranar Shiru ta yi doguwar magana. Ta ce akwai wani abu a cikin kwamfuta da ke sa in ka fizgi maus da sauri ya yi nisa fiye da in ka ja shi a hankali, ko da tazarar ɗaya ce, a kashe shi, in ba haka ba awo ba zai tsaya ba. Lauya ya ce ta cinye kalmomin mako uku, kada a sake jin ta sai wata mai zuwa. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a gadon bayan maus ɗin da ke sauya sauri in an taɓa shi bisa kuskure. Sau ɗaya ya yi wa Goggo haka, ta yanko ƙyalle ta manne a kansa, magana ta ƙare.

Sai ta bi sauran da awo ta waya, kowa ya nemo rula. Auta sha ɗaya. Shiru sha takwas. Lauya huɗu.

"Huɗu?" in ji Goggo. "Shi ya sa kake harbin tsuntsaye. Hannunka ya yi gadon bakinka, ba birki."

Matsala ɗaya ta rage, alli ba ya zama. Hannun riga na gogawa layin ya ɓace. Shimfiɗar maus da Auta ya bari kuma ba ta fi tafin hannu biyu ba. Tela kuwa ba ta rasa mafita. Ta ɗauko wani sabon yadin auduga mai kauri, shuɗi, ragowar ɗinkin wani, ta ninka shi biyu, ta kalmashe bakinsa, ta ɗinka layi biyu da jan zare, inci goma sha huɗu tsakaninsu. Daga ranar tef ya huta. Kowane wasa aka kawo, ta ajiye maus a jan layi na farko, ta ja zuwa na biyu, ta gyara lamba har duniya ta zagayo daidai. Ta yarda da jan zaren nan kamar yadda ta yarda da sunanta.

Direba fa? Shi ne mai shayi. Duk Asabar yana tsaye a bayanta da kofi a hannu yana ba da hanya. "Hagu! Hagu na ce! Birki, birki, ga shi nan a kwana!" Doka ɗaya aka kafa masa, ya yi ihunsa yadda yake so, amma kada ya taɓa teburin.

Ana nan, tsofaffin wasannin suka fara bushewa, sai a yi ta jira ba a sami abokan karawa ba, kowa ya koma wani sabo da ake yayi. Lauya ne ya kawo labarin, yana ta kwana-kwana.

"Wasan yana da kyau. Sai dai, wato, mutum uku-uku ake shiga."

Kowa ya yi lissafin a ransa. Mutum huɗu, kujera uku.

"Ni zan zauna," in ji Auta da sauri. "Dama aiki ya yi min yawa."

"Ko kuma," in ji Lauya, "ranki ya daɗe, Goggo, ga shago ga hidimar gida, ai hutu ma..."

"Ƙarasa mana, Lauya. Yau kuma maganar ce ta maƙale?" Ta gyara makirfo. "Ku saurare ni. Babu wanda zai ba ni kujera don furfura, babu kuma wanda zai ƙwace ta don furfura. Asabar mai zuwa, a cikin sabon wasan, mu shiga filin kowa tasa ta fisshe shi, minti goma. Wanda ya zo ƙarshe ya koma kallo."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma da ta cire abin kunnen ta daɗe tana kallon titi. Ta san abin da ta sa a faranti. In tana riƙe da bindiga abokiyar yaƙi ce, Auta na sakin baki. Ran da ta koma gefe tana saurare, ta koma Umma, kunya za ta dawo, bakin zai rufe, a koma "lafiya lau, sai an jima."

Sabon wasan ƙato ne, sai da aka goge tsofaffin biyu kafin ya samu wuri, kuma da irin layin intanet ɗinsu ya kwana uku yana saukowa. To ku riƙe abin da zan gaya muku yanzu, don ita ba ta sani ba.

Ranar Talata ta tafi kasuwa sayen zare da zif, ta bar Direba da shago. Mutumin da ya shekara guda yana ba da hanya daga baya ya kalli kujera, kujera ta kalle shi. Ya ce a ransa, wanda ya tuƙa bas mai mutum sittin, wannan ɗan sitiyarin ne zai gagare shi? Ba wasa zai kunna ba, zama kawai zai ɗana. Ya zauna da kofinsa, ya sa abin kunne, ya kama maus yana ja yana "fau, fau" da baki. Yana cikin kwantar da abokan gaba sai wata mota ta danna hon a bakin ƙofa. Tsohon direba, jiki ya saba, ya zabura zai kauce. Gwiwar hannu ta daki kofi. Shayi mai madara ya malale a kan shuɗin yadi tun daga jan layi zuwa jan layi.

Bai tsaya salati mai tsawo ba. A iliminsa na gareji babu tabon da ke gagarar tafasasshen ruwa. Ya dafa ruwa, ya tsoma shimfiɗar, ya cuɗe ta da sabulu, ya shanya a rana, ya bi ta da dutsen guga mai zafi har sau biyu, ya mayar da ita inda take, ya ɗora maus a kai. Da Goggo ta dawo ta same shi a bakin ƙofa yana karanta jarida a nutse kamar liman.

Laraba wasan ya gama sauka. Ta shiga filin gwaji, ta nemi turke, ta ja daga jan layi zuwa jan layi, ta gyara lamba har ya zauna daram. Sannan ta fara harbi. Ta kai ɗigo kan mutum, sai ya wuce kunnensa da kaɗan. Ta sake, ya sake wucewa. Na kusa tana samu, amma duk wanda ya sa ta juyi mai faɗi sai ta zarce shi kamar bas da ta wuce tasha. Ta koma ta duba awo, daidai. Ta duba ƙyallen da ta manne, yana nan. Ta duba abin da Shiru ta ce a kashe, a kashe yake. Ta goge tabarau.

Alhamis haka. Juma'a haka. Sau goma ta ja maus tsakanin layukan nan, sau goma suna ce mata babu laifi. To in awo daidai ne, laifin na wa? Ta ɗaga hannunta tana kallo, ta juya shi gaba da baya.

"Malam," ta ce wa mijinta, "ko dai tsufa ne ya yi sallama?"

"Wane tsufa? Jiya kika zura allura ba tabarau."

Da gaske yake lallashinta, don ko a mafarki bai haɗa wankinsa da wannan ba. Shi a ganinsa tsabta ya yi. Tsoronsa ɗaya, kada a gane ya zauna a kujera. Ranar Juma'ar nan Goggo ta ɗinka wa wani aljihu a bai-bai, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana koyo.

Asabar da hantsi sai ga wata malamar makaranta, tsohuwar mai kawo mata ɗinki, ta shigo da riga a leda, fuska a murtuke. Ta zura rigar a kan kayanta ta miƙe hannu. Hannun rigar ya tsaya can sama da wuyan hannu, kamar ta ari ta ƙanwarta.

"Goggo, dubi. Wanki ɗaya fa."

"Malama, me na gaya miki ran da kika kawo yadin nan? Na ce sabon yadin auduga ne, a jiƙa shi ya sha ruwa ya gama tsukewarsa kafin almakashi ya taɓa shi. Kika ce sauri kike, taron iyayen yara jibi. Auduga ba ta san sauri ba. Duk telan da ya yanka sabon yadi bai jiƙa ba, ranar da ruwan zafi ya..."

Ta tsaya, baki buɗe.

"Ya me?" in ji Malama.

Goggo ta juya. Ta taka zuwa lungun kwamfuta, ta ɗaga shimfiɗar, ta kai hanci. Ƙamshin sabulu, har da ɗan ƙaurin guga. Ta zare tef daga wuya, ta shimfiɗa daga jan layi zuwa jan layi. Inci goma sha uku.

"Malam!"

Ya leƙo da jarida a hannu. Yana ganin abin da ke hannunta ya fara ja da baya.

"Wa ya wanke min wannan?"

"Wanke? Au, wannan? Ai... ƙura na gani."

"Ƙura mai madara? Ga tabonta nan a ƙasan kalmasa."

"To, tsakani da Allah, hon aka yi. Duk direban kirki in ya ji hon..."

"A kan kujerata ka ji hon ɗin?"

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Yana jiran hadari, sai ya ji wani sauti. Goggo ce ke dariya. Ta yi ta yi har ta zame ta zauna a kan tarin ƙyallaye, tana share hawaye da bakin mayafi.

"Kwana uku ina zargin hannuna! Ashe hannuna na nan, yadi ne ya tsuke!"

Malama, wadda har yanzu hannunta ke miƙe cikin guntuwar riga, ta gyara murya.

"Goggo, don Allah in yi tambaya. Shi wannan yadin, kin jiƙa shi kafin ki yanka?"

Direba ya ɗago kai a hankali, fuskarsa na washewa kamar gari bayan ruwa.

"Amsa mata mana," ya ce. "Malama ta yi tambaya."

"Malama, cire rigar in ƙara miki hannu kyauta, ki tafi gida. Kai kuma je ka dafa shayi, ka sha shi a tsakar gida."

'Yan awanni suka rage kafin gasar. Ta ajiye jan zare gefe, ta danne tef a bakin tebur da dutsen guga da gwangwanin maɓallai, ta sake gyara lamba har turke ya dawo a kan sha huɗu na gaskiya. Amma kada ku ɗauka shi ke nan. Kwana uku tana tilasta wa hannunta ya rage tafiya, ya fara koyo. Yanzu kuma sai ɗigon ya riƙa tsayawa kafin ya kai. Ba ta yi fushi ba. Ta juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ta zauna tana kai ɗigo daga wannan turke zuwa wancan, a hankali, kamar mai bin kalmasa, tana yi wa hannun magana. "Yi haƙuri, ni na ɓata ka. Koma gidanka." Wajen awa biyu ta ji ya saki.

Da yamma aka haɗu. Lauya ya shigo da waƙa a baki, ya ce ya tanadar wa Goggo kujerar kallo mai laushi. Aka buɗe fili, kowa ya watse.

Shiru dai ba a maganarta, tana can saman wani bene tana tsince mutane ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Auta na biye. Rigimar tana ƙasa, Goggo da Lauya. Ya yi biyar, ta yi huɗu. Ta yi bakwai, ya yi takwas. Direba an hana shi matsowa, yana bakin ƙofar tsakar gida yana leƙe, yana ba da hanya da raɗa. Saura rabin minti suna sha ɗaya, sha ɗaya. Goggo na bin wani lungu sai ta ji taku a bayanta ta abin kunne, kusa ƙwarai. Babu lokacin tunani. Cikakken juyi inci sha huɗu ne, rabinsa bakwai, kuma hannun ya san bakwai yadda ya san hanyar bakinta. Ya tafi da kansa ya tsaya cak. Lauya ne, ya lallaɓo da wuƙa don ya yi abin da zai shekara yana ba da labari. Ɗigon na tsakiyar goshinsa.

Fau.

Ihun Direba sai da ya tsayar da mai keke a titi. Auta na ta buga tebur daga can garinsu yana "Umma! Umma!" Shiru ta ce, "Madalla." Lauya ya ce zai ɗaukaka ƙara, layinsa ne ya yi nauyi, rana ta haske masa allo, kuma kujerarsa na girgiɗi.

"Ɗaukaka har sama," in ji Goggo. "Amma ji nan, ɗana. Yanzu da na ci kujerar da hannuna, tawa ce, ina da ikon ba da aro. Duk Asabar ɗin da ɗinki ya yi min yawa, kai za ka zauna. Sharaɗi ɗaya, ka mayar da awonka inci goma, ka daina ɓarnar harsashi."

"Takwas, ranki ya daɗe."

"Goma. Ba ciniki muke ba."

Suka shiga wasan farko su uku, Lauya na gefe yana sharhi, wanda ya fi dacewa da shi fiye da bindiga. Suna jiran a fara Auta ya soma ba da labarin hutun da yake nema, da yadda zai zo da nasa maus ɗin su zauna tebur ɗaya. Goggo ta ce "uhm," idonta na kan ɗigo, ba ta katse shi ba.

Sai dai wata shari'ar ta taso da har yau ba a yanke ba, don Direba da kansa ya karɓi makirfo ya kai ƙara. An yarda duk wanda laifin tsukewar yadin nan ya hau kansa, shi zai riƙa dafa shayin Asabar har shekara ta zagayo. Auta ya ce laifin Baba ne, wa ya aike shi kujerar da aka hana shi? Shiru ta ce, "Goggo. Ba ta jiƙa ba." Lauya ya kare Direba ranar Asabar ɗin farko, ya kare Goggo ta biyu, yana neman ta uku. Direba ya ce shi wanki kawai ya yi, kuma da yadin jiƙaƙƙe ne ko sau goma ya dafa shi ba zai motsa ba. Goggo ta ce da bai zauna ba, da yadin bai ga ruwa ba har abada.

To ga ku nan zaune, kun ji ta kowane ɓangare. Tsakanin wanda ya wanke a ɓoye da telar da ta yanka ba ta jiƙa ba, wa zai ɗora butar shayi?